Bakin Mai Busa: Abin da Kakaki, Algaita da Bigila Ke Yi wa Haƙora, Leɓɓa da Muƙamuƙi



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakunan busa da kuka baro fada kuka zo, ranku ya daɗe. 'Yan'uwana jami'an badujala na soja da na 'yan sanda, abokan aikina likitocin haƙori, ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa. An ɗora mini in yi magana a kan abin da busa ke yi wa baki da muƙamuƙi, albarkacin Ranar Lafiyar Baki ta Duniya da ake yi kowace 20 ga Maris. A gaban mutanen da suka fi ni sanin busa nesa ba kusa ba zan yi maganar, don haka duk inda na taɓa sana'arku ba daidai ba, ku gyara mini idan an zo tambayoyi. Ni abin da na karanta shi ne nama da ƙashi da haƙorin da busar ke bi ta cikinsu.

Makaɗi in fatar kalangunsa ta fashe sai ya sa a ɗaura wata, mai goge in tsirkiya ta tsinke ya nemo izgar doki. Mai busa kuwa rabin kayan aikinsa a jikinsa yake, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Ku duba kakaki. Tsawonsa ya haura mita biyu, amma babu komai a cikinsa da ke fitar da amo; bututu ne kawai. Leɓɓan mai busa ne ke karkarwa idan iska ta ratsa tsakaninsu, ƙarfen yana ƙara wa amon girma ne. Mai busa ƙahon Turawa da ake kira tirampet, in ya hau amo mai tsini, leɓɓansa na buɗewa suna rufewa kusan sau 1,000 a daƙiƙa guda. Kuma leɓe ba ya iya wannan sai ya jingina da wani abu mai ƙarfi a bayansa, wato haƙoran gaba. Haƙoran suna zaune a cikin ƙashi, ƙashin na ƙasa yana rataye a gaɓar da ke gaban kunne, tsokoki kuma na riƙe da kowa a inda ya dace. Abu guda ya goce, amo ya canza.

A 1939 wani likitan daidaita haƙora ɗan Amurka mai suna Strayer ya kasa kayan busa gida huɗu, gwargwadon yadda kowanne ke zama a baki, kuma har yau da rabonsa muke aiki. Gida na farko masu baki kamar ɗan ƙoƙo da ake dannawa a kan leɓɓa: tirampet, bigila, turombon, tuba. Na biyu masu harshen kara guda, kilarinet da saksofon, waɗanda ake cusa bakinsu tsakanin haƙora, na sama su zauna a kansa, leɓen ƙasa ya naɗe a kan haƙoran ƙasa. Na uku masu harshen kara biyu irin su obo, inda leɓɓa biyun duka ke naɗewa a kan haƙora su matse karan. Na huɗu sarewa, da ake hura iska a gefen rami. Strayer da kayan Turawa ya yi aikinsa, amma namu ma suna shiga. Kakaki da farai da ƙaho 'yan gidan farko ne, sarewar makiyaya ta gida na huɗu ce. Algaita ce ke ba da wahala. Harshen kara biyu gare ta kamar obo, amma ba a matse karan da leɓe. Gaba ɗayansa yake shigewa cikin baki, leɓɓa su tokare a jikin ɗan faifan da ke tare su. Saboda haka wahalarta a wani wuri take sauka daban, zan zo kansa.

Tambayar da iyaye suka fi yi mana ita ce: shin busa na turo haƙora waje ko ta danne su ciki? Akwai dalilin tsoron. A 1965 wani mai bincike, Engelman, ya auna nauyin da kayan busa ke ɗora wa baki. Ya sami kimanin giram 500 ga masu busa irin na tagulla, wato 'yan gidan farko, giram 270 ga masu harshen kara, giram 211 ga sarewa. To mu kuma in za mu matsar da haƙori da waya a asibiti, giram 35 zuwa 60 ya ishe mu. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ce ai magana ta ƙare, rabin kilo a kan haƙoran gaba kullum dole ya kwantar da su.

Ba haka jiki ke aiki ba. Haƙori ba ya matsawa don an danne shi da ƙarfi, yana matsawa ne don an daɗe ana danne shi. Sai ƙashin da ke gabansa ya narke kaɗan-kaɗan, wani ya tsiro a bayansa, kuma wannan aikin ba ya kankama sai matsin ya kai wajen awa shida a yini, kullum babu fashi. Shi ya sa waya mai ɗan ƙaramin ƙarfi da ke baki dare da rana take gyara haƙora, amma tauna, wadda ƙarfinta ya ninka na busa sau da yawa, ba ta karkatar da su. Mai busa kuwa yana busawa yana tsayawa, ya ja numfashi, ya sauke ƙahon, ya jira makaɗa. In ka tara mintocin da ƙarfe ya yi a kan leɓensa da gaske, da wuya su kai awa shida. A 2012 wasu likitoci a Birmingham ta Ingila, Grammatopoulos da abokan aikinsa, suka auna haƙoran ƙwararrun makaɗa 170, masu busa da waɗanda ba sa busa, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a zaman haƙoran gaba. Ɗan abin da suka lura da shi a haƙoran baya ne na masu busa manyan ƙahoni masu faɗin baki. Wasu binciken kan yara masu kilarinet sun nuna haƙoran sama na ɗan ƙara turowa, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa tsakanin shekara 6 zuwa 8, saiwarsu kuma ba ta kammala sai bayan kamar shekara uku. Iyayena, na san busa gado ce a gidajenku, yaro tun yana rarrafe yake wasa da algaitar babansa. Ba na cewa a hana shi. A dai bari ya wuce shekara goma kafin a ɗora masa doguwar busa mai ƙarfi.

Saboda haka ni a ganina mun daɗe muna yin tambayar a juye. Abin da busa ke yi wa lafiyayyen haƙori kaɗan ne. Abin da haƙori mara lafiya ke yi wa busa shi ne babban al'amari, kuma shi ne ya fi raba mutane da sana'arsu.

Bari in ba ku labarin Joe Oliver, wanda ake kira King Oliver, ɗaya daga cikin manyan masu busa na kiɗan jaz a New Orleans. Shi ne ubangidan shahararren mai busa Louis Armstrong, shi ya kira shi zuwa Chicago a 1922 ya sa shi a ƙungiyarsa. Ba haɗari ya yi ba, ba a doke shi ba. Ciwon dasashi ne ya kama shi, irin wanda muke gani kullum a asibitocinmu, ga shi kuma mutum ne mai tsananin son sukari. Haƙora suka fara girgiza, busa ta zama azaba, har ya koma ba wa yaransa wuraren da da shi ke busawa. A tsakiyar shekarun 1930 ya daina busa kwata-kwata. Ya rasu a 1938 a garin Savannah, yana aikin shara a wani gidan wasan sinuka. Mutumin da ake yi wa laƙabi da sarki ke nan.

Ga yadda ciwon yake tafiya. Dattin abinci da ƙwayoyin cuta na taruwa a gindin haƙori. In ba a goge ba, sai ya daskare ya zama kamar dutse, musamman a bayan haƙoran ƙasa na gaba inda yawu ke kwarara. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini in an yi asuwaki. Mutum ya ce ai asuwakin ne ya yi tauri. A ƙarƙashi kuwa ƙashin da ke riƙe da saiwa yana zaizayewa, kuma babu zafi, wannan shi ne sharrinsa. Sai ranar da haƙori ya fara motsi. To a nan ne rabin kilon nan na Engelman yake zama abin tsoro, domin haƙorin da ya rasa rabin ƙashinsa ba ya jure abin da da ba ya ko ji. Busar ba ita ta kawo ciwon ba, amma ita ke ƙarasa haƙorin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kimanin biliyan ɗaya daga cikinsu ciwon dasashi mai tsanani. Shan taba da ciwon sukari suna rura shi. Ga kuma al'adar da na lura da ita wajen masu busa namu: baki ya bushe, a kora da lemon kwalba ko shayi mai kaurin sukari, ko a jefa alewa, sannan a koma busa ba tare da kurkure baki ba. Ruwa zalla ya fi. Asuwaki kuwa ba ni da ja a kansa, yana aiki sosai in an bi kowane haƙori ciki da waje, an kuma haɗa da man goge baki mai sinadarin fulorayid safe da dare.

In haƙorin gaba ya fita, ba shi ke nan ba, amma dawowa da wuya. Wani tsohon mai busa na New Orleans, Bunk Johnson, ya rasa haƙoransa a farkon shekarun 1930 ya koma aikin ƙarfi a gona da tuƙin mota. Masoya kiɗansa suka yi karo-karo, Dokta Leonard Bechet, yayan shahararren mai busa Sidney Bechet, ya yi masa haƙoran roba, a 1942 ya dawo yana naɗar faifai. Wani mai busa, Chet Baker, shi ma an fasa masa baki a wani duka a shekarun 1960, ya shafe shekaru yana koyon busa daga farko da haƙoran roba. Matsalar haƙoran roba ita ce ba a shuke suke ba; iska ta shiga ƙarƙashinsu ta ɗaga su, bakin ƙaho ya danna su baya, bakin kilarinet ya karkata su. Dasa haƙori a cikin ƙashi da ƙusar titaniyam, wanda wani likita mai suna Brånemark ya fara yi wa mutum a Suwidin a 1965, ya fi riƙo ƙwarai, amma kun san kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Yanzu ƙannena ɗalibai, ku buɗe kunne, wannan naku ne. Wani likitan haƙori a Landan, Maurice Porter, ya yi jerin rubuce-rubuce a mujallar likitocin haƙori ta Birtaniya a 1967 da 1968 kan matsalolin masu busa, kuma darasin da ke ciki bai tsufa ba: abin da kai likita kake gani gyara ne, wurin mai busa yana iya zama ɓarna. Ka ga wushirya ka ce bari in rufe masa ya yi kyau. Ka ga haƙori ya ɗan karkace ka goge shi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Alhaji ya dawo daga aikin Hajji da haƙorin Makka da ya ɗan fi na asali kauri. Rabin milimita ne, ba wanda zai gani, amma leɓen da ya shekara talatin yana kwanciya a wurin ya sani, kuma iska ta canza hanya. Don haka ka tambayi kowane majinyaci sana'arsa kafin ka ɗauki abin aiki. In mai busa ne, ka ɗauki hoton bakinsa da ƙullun awo, ka zuba siminti ka fitar da siffar haƙoransa tun suna lafiya, ka rubuta kwanan wata ka ba shi ya adana. Ranar da doki ya kayar da shi a hawa, da wannan siffar za a mayar masa da haƙori yadda yake, ba yadda littafi ya ce ya kamata ya kasance ba. Haka nan in za ka cire turmin sama, ka tuna saiwarsa na kusa da kogon iska na kumatu. In ya koma busa da wuri, iska na iya huda wurin ta haɗe baki da hanci. In kuma haƙorin ƙarshe na ƙasa za ka cire, ka tuna jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji tana bi ta ƙarƙashinsa. Ɗan kasuwa in leɓensa ya yi wata uku a mace zai yi ƙorafi ya ci gaba da ciniki. Mai busa kuwa ya zauna ke nan. Ka gaya masa wannan kafin, ba bayan ba.

Tun da na ambaci faɗuwa daga doki: haƙorin dindindin in ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai, kar a taɓa saiwar, kar a kankare ta. A ɗauraye, a mayar da shi raminsa in za a iya, in ba a iya ba a saka shi cikin madara a nufi asibiti cikin awa guda. Sau da yawa yana kamawa.

Sai leɓe. Louis Armstrong, wanda ya zo Nijeriya a 1960 har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, ya yi fama da leɓensa kusan duk rayuwarsa. Yana danna ƙaho da ƙarfi, yana son amo mai tsini, yana busa dare bayan dare babu hutu. Leɓen ya riƙa tsagewa yana jini, ya yi kanta, shi kuma ya sa reza ya yanke kantar da kansa. A tsakiyar shekarun 1930 sai da ya ajiye ƙaho na watanni. A 1982 wani likitan tiyata a Basalona ta Sifaniya, Jaime Planas, ya ba da bayanin wani mai busa da tsokar da ta zagaye bakinsa ta yage daga ciki, fata lafiya lau a waje amma leɓe ya kasa riƙe amo. Ya ɗinke ta, ya kuma sa wa ciwon laƙabin Armstrong, wato Satchmo. Freddie Hubbard, gwanin da ba a yi kamarsa da yawa ba, leɓensa ya fashe a 1992, ya ci gaba da busa a kan ciwon har ya ruɓa, bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu.

Na kawo waɗannan ne saboda tsarin aikinku, ranku ya daɗe. Busar sara ta daren Juma'a a ƙofar fada ba ta da tsawon da za ta cutar. Inda nake jin tsoro shi ne Sallah. An fito daga azumi, wata guda busa ta ragu, leɓe ya yi laushi, sai a wayi gari Hawan Sallah, gobe Hawan Daushe, jibi Hawan Nassarawa, ga rana, ga ƙura, ga ƙishi. Wasunku a kan doki suke busawa, kowane taku na dokin yana buga ƙarfe a leɓe, leɓe ya bugu a haƙori. Kakaki kuma saboda tsawonsa, in hannu ya gaji ƙarshensa ya ɗan sunkuya, baki ne ke biyan bashin. Haka 'yan badujala a fareti. Shawarata a fara ɗan taɓa busa kaɗan-kaɗan da dare tun goman ƙarshe, a riƙa karɓa-karɓa a cikin hawa, wanda leɓensa ya kumbura ko ya daina ji ya sauke ya ba na kusa. In hunturu ne a shafa man kaɗe. In akwai haƙori mai kaifi da ke yankar leɓe daga ciki, wanda ya fi damun masu saksofon da kilarinet, muna iya goge kaifin ko mu yi ɗan murfin roba siriri da ake ɗorawa a kan haƙoran lokacin busa. Kuma duk gyambon leɓe ko na cikin baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kawo mu gani, musamman ga mai shan taba. Kar a ce ai na busa ne.

Mu dawo kan algaita. Abin da ke burge baƙo a wurin mai algaita shi ne amon ba ya yankewa, kamar mutumin ba ya numfashi. Dabarar ita ce ya cika kumatu da iska, bayan harshe da ganɗa mai laushi su rufe hanyar maƙogwaro, kumatu su riƙa matso iskar cikin karan yayin da yake zuƙar sabuwa ta hanci. Kumatu sun zama ma'ajiyar iska ke nan, kuma shekara da shekaru tsokarsu na miƙewa har ta saki. Tsoffin Girkawa sun san wannan. A tatsuniyarsu, gunkiyarsu Atina ta jefar da abin busarta don ta ga yadda ya ɓata mata fuska, kuma masu busarsu kan ɗaura wata fata ta zagaye kumatu zuwa ƙeya, ana ganinta a zanen tukwanensu. A zamaninmu wanda duniya ta sani da wannan shi ne Dizzy Gillespie, wanda kumatunsa har wuyansa ke cika in yana busa. Malaman tirampet na hana ɗalibai kumbura kumatu, amma shi da haka ya yi ta busa har ya haura shekara saba'in. Ina faɗin wannan ne don kar wani likita ya ga kumatun mai algaita ya ce cuta ce. Ba cuta ba ce, siffar aiki ce.

Abin da ya kamata a lura da shi daban ne. A cikin kunci, daidai turmin sama na biyu, akwai ɗan ramin da yawu ke fitowa daga babbar matsattsar yawu ta gaban kunne. Matsin iska kan tura ta baya ta wannan rami, sai gaban kunne ya kumbura, in ka taɓa ka ji yana ƙaras-ƙaras. An fara sanin wannan ne wurin masu hura gilashi. Yakan sace da kansa, amma in yana maimaituwa ƙwayoyin cuta na bin iskar su shiga, wurin ya yi zafi har ya tara mugunya, a yi ta maganin hangum ba a san busa ce ba. Na biyu, ganɗa mai laushi kan gaji, ta kasa rufe hanyar hanci, sai mai busa ya ji iska na tsiyaya ta hanci da ɗan gurnani bayan ya jima yana busa. An fi ganin haka wurin masu obo da kilarinet, kuma hutu ne maganinsa na farko. A nan zan roƙi iyaye abu guda: yaron da ake sa ran zai gaji algaita, a raba shi da askar wanzami a kan beli. In yankan ya zarce ya taɓa ganɗa, tabon da zai bari na iya hana ta rufewa da kyau, ban da haɗarin zubar jini da shigar cuta da ya sa mu likitoci ba ma goyon bayan cire belin kowane yaro.

Gaɓar muƙamuƙi ba zan daɗe a kanta ba, domin binciken bai tsaya a magana ɗaya ba. Wasu sun sami ciwonta ya fi yawa wurin masu busa, wasu ba su ga bambanci ba. Abin da ke bayyane shi ne mai busa tagulla yakan turo muƙamuƙin ƙasa gaba don haƙoran sama da na ƙasa su daidaita, kuma wanda haɓarsa ta koma ciki tun halitta ya fi yin wannan turowar, tsokokinsa sun fi gajiya. Ƙara ɗan ƙas a gaban kunne in babu zafi ba ta buƙatar magani. In akwai zafi, ko ciwon kai a gefen goshi da safe, ko baki ya kasa buɗewa yatsu uku su shiga a tsaye, to a rage busa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a huta da rake da kilishi da cingam da tauna ƙashi. Mai cizon haƙora cikin barci muna yi masa abin sawa da dare. Da wuya a kai ga tiyata.

Akwai kuma wani ciwo da nake so ku san da shi ko da ba ku taɓa jin sunansa ba, likitoci na ce masa distoniya. Gwani ne, ya kai shekara talatin da wani abu, rana ɗaya sai ya ga in ya kai ƙaho baki leɓe na rawa, ko gefe guda ya ja, ko muƙamuƙi ya ƙulle. Babu zafi. In ya ajiye ƙahon ya ci abinci, ya yi magana, ya yi dariya lafiya lau. Kun san abin da za a ce a garinmu: an yi masa sammu, abokin hamayya ne ya jefe shi don ya gaji sarautar. Ba sammu ba ne, kuma ba a leɓen ciwon yake ba. A ƙwaƙwalwa yake, a sashen da ya haddace motsin busa saboda yawan maimaitawa har umarnin ya cakuɗe. Kimanin ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa da masu busa ne ke gamuwa da irinsa, a hannu ko a baki. Likitan jijiya Steven Frucht na New York ya wallafa bayanin masu busa 26 da suka kamu da shi a 2001. Gaskiya mai ɗaci ita ce maganinsa da wuya, da yawa ba sa komawa yadda suke. Amma ƙara yawan busa don a murƙushe shi yana ƙara ta'azzara shi ne, kuma gara mutum ya san sunan abin da ke damunsa da ya ƙarar da dukiyarsa wajen karya sihiri, ya ɓata da ɗan'uwansa a banza.

Tsabtar kayan busa kuwa magana ce gajera. Ƙurajen zazzaɓi da ke fesowa a leɓe ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, kuma aron bakin ƙaho hanya ce tata. Kowa ya riƙe nasa, mai ƙurji ya huta har ya bushe. Wasu fatarsu ba ta shiri da ƙarfen nikel, in azurfar da aka shafe bakin ƙaho da ita ta goge sai leɓe ya yi ta ƙaiƙayi yana saɓa. In maƙeri zai gyara bakin kakaki, kar ya like shi da dalma, guba ce. Cikin bututu kuma danshi ne da duhu. A 2016 likitoci a Manchester suka ba da labarin wani mutum ɗan shekara 61 mai busa algaitar 'yan Sikotilan mai salka, wanda ya shekara bakwai yana tari da sarƙewar numfashi. Ya taɓa tafiya Ostireliya wata uku bai tafi da ita ba ya ji sauƙi, ya dawo ciwo ya dawo. Da aka bincika cikin salkar sai aka tarar da funfuna iri-iri, amma an makara, ya rasu. A warware kaya bayan busa, a tsiyaye, a wanke, a shanya.

Duk alƙaluman busa da na kawo muku yau a bakin Turawa da Amurkawa aka auna su, da kayan busarsu. Kakaki kuwa, in muka bi Tarihin Kano, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yake a fada, kuma daga Katsina zuwa Zazzau zuwa Damagaram akwai gidajen da kaka da uba da jika duk busa ɗaya suke yi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ga shi nan: ya auna dasashi da haƙoran gaba na masu kakaki, ya duba kumatu da ganɗar masu algaita, ya gwada su da 'yan'uwansu na gida ɗaya da ba sa busa, kafin Sallah da bayanta. Ba ya buƙatar na'ura mai tsada, yardar Sarkin Busa yake buƙata, ga su kuma a zaune.

A bayan zauren nan abokan aikina sun shirya kujeru, za a duba dasashin duk mai so, a kuma ɗauki siffar haƙoran masu busa kyauta. Wanda ya zo da algaitarsa ko bakin bigilarsa ya riƙo su, muna so mu ga yadda suke zama a bakinsa. Shugaba, na ci lokaci, a gafarce ni. Ga abin magana, a ba iyayenmu su fara tambaya.